Maganin hawan jini: ƙwaya ɗaya, ƙwaya biyu ko tarin ƙwayoyi, wanne ya dace da kai?

Da yawa daga masu hawan jini a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena ba rashin ganin likita ne ke kayar da su ba. Sun je asibiti, an auna su, an rubuta musu takarda, sun sayi magani. Bayan wata uku ko huɗu ne abin ke lalacewa: ƙwayoyin sun yi yawa, lokutan sha sun rarrabu, kuɗi ya tsinke, ko wata ƙwaya ta kawo tari da kasala, sai a rataye ledar magani a ƙusa a ce ai an ji sauƙi. Shi kuwa hawan jini ba kasafai yake sa ciwo ba. Yana nan yana cin jijiyoyi har ranar da ɓarin jiki zai shanye, ko ƙoda ta tsaya, ko zuciya ta kumbura.

Wannan bayani na wanda ke riƙe da takardar likita mai magani uku ko huɗu ne, ko ɗan da ke saya wa Baba ko Inna magani duk wata, ya kuma ji ana cewa akwai ƙwaya guda da ta haɗa komai, yana tunanin ko a koma mata. Za a auna tsari biyar. An bar sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali don a gane su a farmasi. Canjin kansa aikin likita ne ko malamin asibitin da ke duba ka. Abin da ke nan shi ne abin da za ka shiga ɗakinsa da shi.

A asibitocin Kamaru da Chadi ana faɗin awo da ƙananan lambobi, a ce tansiyon ɗinka 14/9 ne. Shi ne 140/90 da na'urar gida ke nunawa, shi ne kuma iyakar da ake cewa jini ya hau idan an same shi haka a ranaku biyu daban-daban.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, shin tsarin na sauke jinin? Abin nema shi ne ƙasa da 14/9. Ga mai ciwon suga, ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki, ana so lambar sama ta sauka ƙasa da 13. Yawancin mutane ba sa kai wa nan da magani iri ɗaya. Sai an haɗa biyu, wasu uku.

Na biyu, daɗewar aikin maganin a jiki. Wannan ma'auni ne da ba a cika yi wa marar lafiya bayaninsa ba, alhali shi ne ƙashin bayan sauƙaƙa magani. Captopril na fita daga jini cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake shan sa sau biyu ko uku a rana. Amlodipine kuwa sai ya yi sa'a 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jiki, telmisartan kimanin sa'a 24. Wanda ya makara da amlodipine da rabin yini jininsa ba zai yi tsalle ba. Wanda ya tsallake captopril na rana zai yi sa'o'i babu kariya. A ƙarƙashin wannan ma'auni akwai kuma juriyar ƙwayar kanta a ajiye. Kwalaye na cewa a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi na wuce 40 a Garwa, Kusuri da Njamena.

Na uku, sauƙin sha: ƙwaya nawa, sau nawa, da abinci ko babu, kuma ya ake yi da azumi da tafiya.

Na huɗu, kuɗi. Kada a kwatanta farashin kwali da kwali. A raba kuɗin da yawan kwanakin da kwalin zai yi. Ga misalin lissafi kawai: kwali mai ƙwaya 30 a kan sefa 3,000, idan sau uku ake sha, kwana 10 zai yi, wato sefa 300 a rana, kwali mai ƙwaya 30 a kan sefa 6,000 da ake sha sau ɗaya ya tashi a sefa 200 a rana. A duba ko ƙwaya 28 ce a ciki ko 30. A ƙara kuɗin mashin zuwa farmasi da kuɗin gwajin jini. Kashin farko na tsarin kula da lafiyar kowa da kowa da Kamaru ta ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga masu ciki, ƙananan yara, wankin ƙoda da wasu cututtuka masu yaɗuwa, don haka mai hawan jini ya yi lissafinsa a kan aljihunsa.

Na biyar, samuwa. Maganin da babu shi sai a farmasi ɗaya a cikin birni, ko sai an aiko daga Yawunde ko Duwala, zai yanke wata rana.

Na shida, haɗari: illolin da ke sa mutum ya daina sha, gwajin da maganin ke bukata, da abin da zai faru ranar gudawa, ranar zafi mai tsanani, ko idan ciki ya shiga.

Tsari na ɗaya: ƙwayoyi masu gajeren aiki, sau biyu ko uku a rana

Shi ne abin da tsofaffi da yawa ke kai tun shekaru: captopril 25 (lambar ita ce miligiram ɗin da ke cikin ƙwaya), methyldopa 250 da aka fi sani da Aldomet, nifedipine LP 20 (LP na nufin mai sakin magani a hankali) safe da yamma, wani lokaci a ƙara furosemide, wato Lasilix. Ƙarfinsa shi ne samuwa. Kusan kowace cibiyar lafiya na da su, katin kowanne kuma ba tsada. Yana sauke jini idan an sha shi daidai.

Sharaɗin nan na sha daidai shi ne wahalar. Mutum zai wayi gari da ƙwaya biyar zuwa takwas a lokuta uku. Captopril an fi so a sha shi sa'a guda kafin abinci. Ƙwayar tsakar rana ita ce ke fara faɗuwa, domin ɗan kasuwa na rumfa, direba na hanya, manomi na gona. Da azumi tsarin gaba ɗaya ya rushe. Idan aka lissafa kuɗin rana, sau da yawa arahar ta gudu.

Illolinsa su suka fi taɓa jin daɗin rayuwa. Methyldopa na kawo barci, kasala, bushewar baki, wani lokaci ƙuncin zuciya da raunin mazakuta; ba maganin da za a ba ɗan acaɓa ko direban babbar mota ba ne in akwai wani. Captopril na kawo busasshen tari mai hana barci, wanda ake ta sayen maganin tari a kansa a banza. Furosemide na sa fitsari a jere na wasu sa'o'i, ya hana mutum zama a masallaci da alwala ɗaya ko shiga motar Marwa zuwa Kusuri da kwanciyar hankali, kuma asali ba maganin farko na hawan jini ba ne. Wurinsa ciwon zuciya mai tara ruwa da ƙodar da ta yi rauni. Ƙaramar nifedipine 10 mai saurin aiki, wadda ake fasawa a ƙarƙashin harshe idan awo ya yi sama, a guje ta: tana faɗar da jini farat ɗaya, hakan kuma kan jawo shanyewar jikin da ake gudu.

Tsari na biyu: magani iri ɗaya, sau ɗaya a rana

Yawanci amlodipine 5, ko maganin fitsari, wato mai sa a fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, mai sauƙi irin hydrochlorothiazide 12.5 zuwa 25 ko indapamide LP 1.5. Babu tsarin da ya kai shi araha da sauƙi. Amlodipine ba ya bukatar gwajin jini kafin a fara, ba ruwansa da abinci, yana kuma aiki sosai a jikin baƙar fata, saɓanin captopril, enalapril ko atenolol da ƙarfinsu ke raguwa a jikinmu idan an ba da su su kaɗai.

Iyakarsa ita ce ƙarfi. Wanda awonsa ke 16/10 ko sama da wuya ƙwaya mai magani ɗaya ta kai shi gida. Abin da aka saba yi shi ne a ninka zuwa amlodipine 10, a nan kuma kumburin ƙafa ke fitowa: da yamma idon sawu ya cika, takalmi ya ƙi shiga. Wannan kumburin ba ruwa ne ya yi yawa a jiki ba, ƙananan jijiyoyin ƙafa ne suka buɗe, don haka Lasilix ba ya magance shi yadda ake zato. Ƙara shi ƙarin ƙwaya ne da ƙarin fitsari kawai. Wani nazari da aka buga a 2009, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa ƙara magani na biyu daga wani rukuni na sauke jini kusan ninki biyar na abin da ninka magani ɗaya ke yi. Saboda haka wanda amlodipine 5 bai ishe shi ba, sau da yawa abokin haɗi yake bukata, ba ninki ba.

Tsari na uku: ƙwaya biyu daban-daban, a sha su tare da safe

Amlodipine 5 da hydrochlorothiazide 12.5, ko amlodipine 5 da losartan, telmisartan, perindopril ko enalapril, kowanne a katinsa, a haɗiye su lokaci ɗaya. A ganinmu wannan tsari ba ya samun darajar da ta dace da shi. Maganin da ke cikinsa daidai yake da na ƙwayar haɗi, ana samun jenerik ɗinsa, wato magani iri ɗaya marar babban sunan kamfani, a farmasin asibitocin gwamnati da ke karɓar kaya daga rumbun magani na gwamnati, CENAME a Kamaru ko CPA a Chadi, kuma galibi ya fi kowane tsari mai magani biyu sauƙin kuɗi. Likita na iya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya. Idan illa ta fito an san wanda za a cire. Ranar gudawa ana iya ajiye maganin fitsari a ci gaba da amlodipine.

Rauninsa na hali ne. Kwalaye biyu ba sa ƙarewa rana ɗaya. Ɗaya ya ƙare, sai a ci gaba da ɗayan a ce gobe, goben ta zama mako uku. Idan kuɗi ya gaza sai a sayi mai arahar kaɗai. Wasu kuma da kansu suke raba su, ɗaya safe ɗaya dare, su mayar da tsarin sau biyu ba gaira ba dalili. Maganin wannan shi ne a sayi kwanaki daidai na kowanne a rana ɗaya, a ɗaure katunan biyu da roba, a kuma liƙa shan su da abin da ba a fashi, kamar bayan sallar asuba.

Tsari na huɗu: ƙwaya ɗaya mai magani biyu

Nan ne shawarar masana ta karkata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan haɗe-haɗe a jerin muhimman magungunanta a 2019: telmisartan da amlodipine, telmisartan da hydrochlorothiazide, lisinopril da amlodipine, lisinopril da hydrochlorothiazide. A ƙa'idojinta na 2021 ta ba da shawarar a fara wa manya da haɗin magani biyu, an fi so a ƙwaya guda. A farmasinmu za ka gan su da sunaye irin Coveram mai perindopril da amlodipine, Exforge mai valsartan da amlodipine, Twynsta mai telmisartan da amlodipine, Natrixam mai indapamide da amlodipine, da jenerik ɗinsu masu sunaye barkatai.

Amfaninsa a fili yake: ƙwaya ɗaya, kwali ɗaya, ranar ƙarewa ɗaya, babu sayen rabi. Haɗin ma na rage wa juna illa. Perindopril ko telmisartan na rage kumburin ƙafar amlodipine, suna kuma riƙe sinadarin potasiyam da maganin fitsari ke zubarwa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Masu babban suna kan ninka kuɗin jenerik biyu sau da dama, kuma ba kowane gari ake samun su ba. Wanda ya fara da mai tsada ya yi wata biyu ya tsaya, gara masa ƙwaya biyu masu araha da zai shekara goma a kansu. Idan kwalin ya yanke, magani biyu ne suka yanke tare. Ranar amai da gudawa, idan haɗin na da maganin fitsari ko ɗan rukunin perindopril da telmisartan, dole a ajiye ƙwayar gaba ɗaya har a samu shan ruwa, domin ci gaba da su a jikin da ya bushe na iya taɓa ƙoda. Lambobin jikin kwali kuma na ruɗarwa: 5/10 da 10/5 ba abu ɗaya ba ne, kuma perindopril 5 na wani kamfani daidai yake da perindopril 4 na wani, saboda bambancin gishirin da aka haɗa shi da shi. A riƙa tafiya da tsohon kwali farmasi.

Wane haɗin ya fi? A nan muna da amsa daga gida. A 2019 aka buga sakamakon gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Kamaru da Najeriya, a kan mutum 728. An gwada haɗi uku na wata shida: amlodipine da hydrochlorothiazide, amlodipine da perindopril, sai perindopril da hydrochlorothiazide. Biyun da ke da amlodipine sun fi na ukun sauke lambar sama da kimanin maki 3 a lissafin manyan lambobi irin 140/90, tsakaninsu kuma babu wani bambanci. Darasin ga mai saye shi ne: in babu dalili na musamman, a nemi haɗin da amlodipine ke ciki, sannan a zaɓi abokinsa bisa sauran larurar mutum da aljihunsa.

Tsari na biyar: ƙwaya ɗaya mai magani uku

Iri biyu ne. Akwai mai cikakken ƙarfi, kamar Triplixam mai perindopril, indapamide da amlodipine, ko Exforge HCT, ga wanda magani biyu suka gaza masa. Ga wanda ke shan ukun a rarrabe, wannan babban sauƙi ne, amma shi ne mafi tsada da wuyar samu a wajen manyan birane. Akwai kuma sabon salo na haɗa uku a ƙaramin awo tun farko. An gwada ƙwayar telmisartan, amlodipine da indapamide a Najeriya a kan mutum 300, aka buga sakamakon a 2024: bayan wata ɗaya kashi 81 cikin 100 na masu shan ta jininsu ya sauka ƙasa da 14/9 a awon asibiti, a kan kashi 55 na masu bin tsarin da aka saba, bayan wata shida 82 a kan 72. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma kada a gina tsarin Baba a kan maganin da farmasin unguwa bai tabbatar zai riƙa kawowa duk wata ba. Duk haɗin uku na bukatar gwajin ƙoda, potasiyam da sodiyam, kuma shi ya fi saurin kawo jiri ga tsoho a lokacin zafi.

A taƙaice a tebur

| Tsari | Sau nawa a rana | Ƙarfi | Kuɗin rana | Samuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Masu gajeren aiki | 2 zuwa 3 | Mai kyau in ba a fashi | Matsakaici idan an tara | Ko'ina | Mantuwa, kasala, tari |
| Magani ɗaya | 1 | Ya ishi hawa kaɗan | Mafi araha | Ko'ina | Rashin isa, kumburin ƙafa a awo 10 |
| Ƙwaya biyu tare | 1 | Mai ƙarfi | Araha | Yawancin garuruwa | Ɗaya ya ƙare a bar shi |
| Haɗin biyu | 1 | Mai ƙarfi | Matsakaici zuwa tsada | Birane | Yankewa, ruɗanin lambobi |
| Haɗin uku | 1 | Mafi ƙarfi | Mafi tsada | Manyan farmasi | Jiri, bushewar jiki, ƙoda |

Inda aka saya

Duk lissafin da ke sama ya rushe idan ƙwayar ba ta ƙwarai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya gwada magungunan zuciya da hawan jini daga ƙasashe goma na Afirka, ya samu kusan ɗaya cikin shida ba su cika inganci ba, amlodipine da captopril kuma su ne kan gaba, fiye da ɗaya cikin huɗu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan jabun hydrochlorothiazide 50 da aka samu a Kamaru, wanda aka tarar maganin ciwon suga ne a ciki, glibenclamide, har sugan masu shan sa ya riƙa faɗuwa. Jenerik daga farmasi mai lasisi ko farmasin asibiti abin dogaro ne. Ƙwayar tebur da ta yini a rana a bakin kasuwa, ko wadda aka ƙirgo a leda ba suna ba kwanan wata, ba ita ake nufi da araha a nan ba. A gida a ajiye magani a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano da madafa, ba a aljihun mota ko akwatin mashin ba. Telmisartan na tsotsar laima, don haka kada a ɓare shi daga katinsa sai lokacin sha; wanda ya zo a kwalba a rufe murfinsa da kyau.

Yadda ake komawa tsari mai sauƙi

A kwashe duk abin da ake sha a kai wa likita, har da na ciwon gwiwa, na gargajiya da na ƙarin ƙarfi. A faɗa masa gaskiyar abin da ake sha, ba abin da aka rubuta ba. Idan ya ɗauka ana shan uku alhali ɗaya ake sha, zai rubuta haɗin da ya fi ƙarfin jiki. A roƙe shi ya rubuta sunan sinadari da awonsa, ba sunan kamfani kaɗai ba, don mai farmasi ya iya ba da jenerik. Kafin fara maganin fitsari ko ɗan rukunin perindopril da telmisartan, a yi gwajin kiriyatinin (na ƙoda), potasiyam, suga da furotin a fitsari inda hali ya samu, a maimaita na ƙoda da potasiyam cikin makonnin farko. Inda babu ɗakin gwaji kusa, amlodipine ne ake iya farawa da shi ba jira.

Atenolol da sauran 'yan rukuninsa ba a yanke su rana ɗaya. Ana ragewa ne a hankali, in ba haka ba zuciya ta ɗau gudu. Ƙwaya mai alamar LP ba a raba ta, ba a dakawa. Da an koma sabon tsari a fitar da tsofaffin kwalaye daga ɗaki: kuskuren da akan yi shi ne shan Amlor, wato amlodipine, tare da Coveram da shi ma ke ɗauke da amlodipine, ko captopril tare da losartan, wanda haɗi ne da aka hana. A koma awo bayan mako biyu zuwa huɗu, sannan duk wata har jini ya daidaita, daga nan duk wata uku zuwa shida. Mai na'ura a gida ya zauna minti biyar, ya jingina baya, hannu daidai ƙirji, ba goro ba shayi ba taba rabin sa'a kafin nan, ya auna sau biyu. A gida ana neman ƙasa da 135/85. Safe ko dare ba shi ne abin damuwa ba: wani babban gwaji a Birtaniya a 2022, mai mutum sama da 21,000, bai ga bambanci ba. Wanda ya manta ya sha da ya tuna a ranar, kada ya ninka washegari.

Idan an sauƙaƙa tsari jini ya ƙi sauka, kafin a ƙara ƙwaya a leƙa tukunya da aljihu. Gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya wuce giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi, kanwa a miya da kunu, kilishi da kifi mai gishiri duk suna cikin lissafin. Diclofenac da ibuprofen na ɗaga jini, suna kuma cutar ƙoda idan sun haɗu da maganin fitsari da perindopril. Paracetamol mai narkewa a ruwa na ɗauke da sodiyam mai yawa, ƙwayoyin ƙiba masu dexamethasone su ma suna hawar da jini. Zoɓo marar sukari na ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Akwai alamun da ba a jira da su. Kumburin leɓe, harshe ko fuska ga mai shan captopril, enalapril, lisinopril ko perindopril, wanda ya fi samun baƙar fata: a daina, a tafi asibiti nan take. Haka awo 18/12 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko dishin gani.

Wa ya dace da wanne

Mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune inda akwai cibiyar lafiya kawai, awonsa ya kai 16/10: amlodipine da hydrochlorothiazide a rarrabe, a sha tare. Idan damina na yanke hanyar garinsu, kamar ƙauyukan bakin Logon, ya nemi takardar wata uku da zarar jini ya daidaita.

Wanda awonsa ya ɗan haura 14/9 kaɗan, ba suga ba ciwon ƙoda, da tsoho mai rauni ko wanda ya haura 80: magani ɗaya a ƙaramin awo, a riƙa auna shi a zaune da a tsaye, domin faɗuwa daga jiri ma haɗari ce.

Mai mantuwa, mai yawan tafiya, ko dattijon da jika ke miƙa wa magani, kuma akwai mai ɗaukar nauyin saye ba fashi: haɗin biyu a ƙwaya ɗaya, jenerik in an samu.

Mai ciwon suga ko furotin a fitsari: haɗin da ke da telmisartan, losartan, valsartan ko perindopril tare da amlodipine, da gwajin ƙoda a kai a kai. Wanda perindopril ko captopril ya sa shi tari ya koma rukunin telmisartan da losartan.

Manomi, birkila, ɗan acaɓa da duk mai yini a rana, da mai yawan azumi: haɗin da babu maganin fitsari ya fi musu sauƙi. Wanda dole sai da shi, a watan azumi ya tambayi likita a mayar da shan sa bayan buɗa-baki. Mai ciwon gut, wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa, shi ma ya kauce wa hydrochlorothiazide da indapamide. Losartan ya fi masa.

Magidancin da ya ga rauni a shimfiɗa bayan fara magani ya faɗa wa likita a fili maimakon ya daina a ɓoye. Methyldopa, atenolol da maganin fitsari su ake fara zargi. Amlodipine da rukunin telmisartan ba su cika kawo wannan ba, canjin kuma mai sauƙi ne.

Wanda ke shan magani uku a rarrabe kuma jininsa ya zauna a kansu: haɗin uku in aljihu da farmasi sun yarda, in ba haka ba haɗin biyu da ƙwaya ɗaya a gefe, duka da safe. Mai ciwon zuciya mai tara ruwa, wanda ya taɓa samun bugun zuciya, da mai ƙodar da ta yi nisa, ƙwayoyinsu ba na hawan jini kaɗai ba ne. Likitan zuciya ko na ƙoda ne zai ce wacce za a taɓa.

Mace mai ciki, mai neman ciki, ko wadda ciki zai iya shiga ba shiri: babu captopril, enalapril, lisinopril, perindopril, losartan, valsartan ko telmisartan, ko su kaɗai ko a cikin haɗi, domin suna lalata ƙodar ɗan tayi. A nan tsohon tsari ne daidai, methyldopa, nifedipine LP ko labetalol, ko da sau biyu ko uku ne a rana, tare da awon ciki a kan kari. Bayan haihuwa a koma wurin likita a sake duba tsarin, a kuma gaya masa ana shayarwa.